Kifayen Baba Suna Haki

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali? Baba da sauƙi, sai dai tun da ɓarin jikinsa ya shanye hannun daman bai tashi ba, magana kuma sai ka kasa kunne sosai.

Kifayen da ka zuba masa a tankin gilashin falo ne suka sa na rubuto. Ya daina kallon talabijin, rediyo ma ba ya so. Da ya karya kumallo sai in tura kekensa gaban tankin, a nan zai wuni. To, farin ɗigo ya feso musu kamar an barbaɗa gishiri. Mai shagon kifi ya ba ni wani shuɗin magani, na zuba yadda ya ce, ɗigon ya tafi, har na yi murna. Amma da na tsoma 'yar takardar gwajin ruwa da ka bar mini, sai na ga awon da ake kira pH ya haura takwas da rabi, alhali ka ce kada ya wuce bakwai da kaɗan. Ruwan ya yi fari-fari, kifayen sun taru a sama suna haki.

Jar kifanyar nan mai doguwar wutsiya ta mutu. Na kwashe ta da sauri, amma Baba ya nuna da yatsa ya ce, "Ina Amarya?" Na ce ta ɓuya bayan dutse. Don Allah me zan yi?

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ina fata kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Ki kwantar da hankali. Idan pH ya hau, ana nufin ruwan ya yi kanwa-kanwa, kuma irin wannan maganin bai cika jawo haka ba. Akwai dai abin da ke narkewa a ciki. Ki gwada ruwan famfonku shi kaɗai. Ki cire fararen duwatsun da ɓawon dodon koɗin da ke ƙasan tankin. Ki riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a hankali, kada ki juye shi gaba ɗaya, don saukar gaggawa ma kisa take yi. Kuma kada ki saurari masu cewa a matsa lemon tsami.

Na nemi hutu a wurin aiki, sun ce sai an gama aikin da ke gabanmu. Ki gaida Baba.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Duk na yi. Ruwan famfo lafiyarsa ƙalau. Duwatsu na kwashe su tas, tankin ya zama fili kamar ɗakin da aka tashi. Da safe in na sauya ruwa sai ya sauka, kafin la'asar ya koma inda yake. Na kai ruwan a kwalba shago, mutumin ya gwada, ya sosa ƙeya, ya ce shi bai taɓa ganin haka ba.

Biyu sun ƙara mutuwa, kuma yanzu ba dutsen da zan ce sun ɓuya a bayansa. Baba ya ƙi abincin rana, yana ta buga gilashin da hannun hagu yana cewa, "Ba su da lafiya." Bayana ya riƙe saboda ɗaukar bokiti. Kai kana can kana lissafo mini kashi ɗaya cikin huɗu! Ka yi haƙuri, gajiya ce.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Ban ji haushi ba, ke ce a cikin rana. Na tambayi duk wanda na sani, na karanta abin da zan iya, ban gano komai ba. Ko wani yana taɓa tankin? Gaskiya dabarata ta ƙare. Allah ya saka miki.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gano, kuma da ma ban gano ba.

Jiya bayan abincin rana na ba Baba magungunansa a tafin hannu kamar kullum, na juya zan kai kwano kicin. Sai na tuna ban ɗauki kofi ba. Ina dawowa na same shi ya ɗaga murfin tankin da hannun hagu, yana jefa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Manyan fararen nan na ƙwannafi masu kama da alli, su ne suke sa ruwan ya yi kanwa-kanwa. Har da na hawan jini, Yaya.

Na ce, "Baba, me kake yi?"

Ya dube ni ya ce, "Naki bai yi musu ba. Nawa ya fi ƙarfi."

Tun ranar da ya ga na zuba shuɗin nan yake ba su nasa. Na kai shi asibiti, jininsa ya hau sosai, likita ya yi mini faɗa kamar yarinya. Yanzu a baki nake saka masa, in tsaya sai ya haɗiye, murfin kuma na ɗaure shi da waya. Da ya ja ya ji bai buɗu ba, sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar rasuwar Inna. Ya ce, "Kin hana ni, za su mutu." Ta yaya zan gaya masa cewa maganinsa ne yake kashe su?

Auta

*

Auta,

Sallama. Kada ki gaya masa. Na karanta takardarki a tsaye, na kasa komawa bakin aiki. Ni na kawo tankin nan don ya ɗebe masa kewa. Ko a fitar da shi daga falon? Ban sani ba. Ke ce kike ganinsa, ki yanke abin da ya fi. Na sake roƙon hutu, ba su amsa ba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Ruwan ya gyaru, ya tsaya a bakwai. Kifi ɗaya ya rage, ɗan baƙin nan, yana cin abinci.

Yau na tura Baba gaban tankin, ya ce in juya shi ya kalli bango. Ba ya yi mini magana.

Ko sun ba ka hutu ko ba su ba ka ba, ka zo.

Ka huta lafiya,
Auta