Kitson da Ya Riƙe Mu a Teku

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake hange da tsakar rana, ruwan daɗin da duk gishirin teku bai mantar da ni ɗanɗanonsa ba. Ya gwanar kitson layinmu, ga sallama daga wanda ya leƙa kabari ya dawo!

Kada ki yi wa rubutun nan dariya, na san kamar kaza ce ta yi tono a kan takarda. Da hagu nake yi, dama tana naɗe cikin bandeji.

Jiya ƙanwata ta zo asibiti, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Wai Umma ta je har shagonku, ta zauna a bencin nan mai gurguwar ƙafa, ta ce miki, "'Yata, mun yafe miki alkawari. Hannun yaron nan ya tafi, kada ki ƙare ƙuruciyarki a jinya." Wai ke kuma sai kika ci gaba da tsaga kan matar da ke gabanki, hawayenki na ɗiga a gashin baiwar Allah. Umma tausayinki ta ji, ban ga laifinta ba. Amma wa ya aike ta? Alkawarin nan da bakina na ɗauka, kuma ban yafe ba! Wallahi ban yafe ba, hasken raina.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare ni a shagonku? Kika ce ba a zaman banza a wurinki, kika ɗaura zare uku a ƙusar madubi kika miƙo mini. "Na dama ya hau na tsakiya, na hagu ya hau na tsakiya. Ja mana, sai ka ce ba ka karya ba!" Mata suka yi ta shewa, samarin layi suka koma kirana Uwar Kitso. Na jure, don a madubin nan ba zare nake kallo ba, ke nake kallo. Ashe raina kike kitsa mini ban sani ba!

Da hantsi abin ya faru. Muna wanke saman jirgin ruwan da nake aiki a ciki, Baba Kuku mai dafa mana abinci yana ta faɗa wai an sace masa albasa. Sai ƙara. Ba da kunne na ji ta ba, a haƙorana na ji ta. Jirgin ya karkata, mutane suka yi ta zubowa, mai ya malalo a kan ruwa ya kama da wuta. Kin taɓa tunanin ruwa zai ci da wuta, masoyiyata? Ta cikinta na kutsa na fita, a can na baro fatar hannuna.

Da na fito daga hayaƙi sai ga Baba Kuku rungume da wani ƙyauren katako, ƙafarsa a karye. Dattijon nan ya yi furfura a teku amma bai iya iyo ba, kowa a jirgin ya sani, ba mai faɗa. Hannunsa na zamewa, yana cewa, "Ɗana, ƙyale ni ka tsira. Ka dai ce wa 'ya'yana su yi haƙuri." Na ce, "Baba, wannan saƙo da kanka za ka kai shi."

Na yayyaga rigata don in ɗaure shi a jikin ƙyauren. Tsumma ɗaya-ɗaya tsinkewa yake yi, ƙullin da aka koya mana kuwa mai ya sa yana santsi yana kwancewa. Sai muryarki ta faɗo mini a tsakiyar teku, da tsiwarta da komai: ja mana! Na kama bakin tsumma uku da haƙori, na dama ya hau na tsakiya, na hagu ya hau na tsakiya, yatsuna na zubar da jini ina kitsawa. Na zagaya ta hammatarsa na ɗaure, sauran na naɗe a wuyan hannuna. Rana ta bi ta kanmu ta wuce, igiyar ruwa ta ɗaga mu ta maka mu iya son ranta, kitson nan bai saki ba. Da jirgin ceto ya iso, sai da suka sa wuƙa suka yanke shi. Yanzu haka ga Baba can kusa da taga, yana zagin mai dafa abincin asibiti.

To ki gaya mini, furen zuciyata, hannun da ya yi wannan a cikin wuta shi ne za a ce ya tafi? Likita ya ce da wuya yatsun su sake lanƙwasawa, ya ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na karɓa na gode, sannan na roƙi nas tsohon bandeji, na tsaga shi uku na ɗaura a ƙarfen gado. Kullum da safe idan an kwance hannun sai in hau kitso. Zafin yakan sa in ciji filo, na yi kuka ba sau ɗaya ba, ba na jin kunyar gaya miki. Amma babban yatsa ya fara motsi, manuniya ta bi bayansa, sauran ma za su bi ko suna so ko ba sa so.

Kitson da na fara gamawa shi ne a cikin ambulan ɗin wasiƙar nan. A karkace yake, na sani, da a shagonku ne da kin kore ni. Idan har kin karɓi yafewar Umma, ki tsefe shi ki aiko mini da silin ukun, ba zan riƙe ki a zuci ba. Sai dai ki sani zan sake kitsawa in aiko, ki tsefe in kitsa, har ranar da zan tsaya a ƙofar shagonku in yi sallama da hannun nan a ɗage. Idan kuwa kina nan a kan bakanki, ki rataya shi a ƙusar madubi. Amma kafin nan ki kama shi da hannu biyu, ki ja iya ƙarfinki, ki gani ko zai saki.

Naki a tudu, naki a ruwa, naki har numfashi ya ƙare,
Uwar Kitsonki