Ƙuri'ar da Ta Kwana Bayan Agogo

Drumshanbo, Leitrim

Zuwa ga Gwaggo Philomena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da iyali a Toronto. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Inna ta warke daga murarta har ta koma yi wa kowa faɗa.

Na san labari ya iso miki cewa yayanki, Baba Ultan, ya rasa kujerarsa ta sanata. Abin da ba ki ji ba shi ya hana ni sukuni. Kin san mutumin nan da jigilar madara ya fara, ya yi kansila, sannan ya shekara ashirin a majalisa yana kumfar baki a kan hanyoyin ƙauye da makarantun da ake rufewa. Kin kuma san mafi yawan masu zaɓen kujerar kansiloli ne, kuma kansilan da ba ka taka gidansa ka roƙa da bakinka ba, kada ka sa rai da ƙuri'arsa. Bana idonsa ya yi rauni, ni na riƙe masa tuƙi. Mako shida muna yawo daga Donegal har Kerry. Na sha shayi da burodi har na tsani ƙarar buta. Baba kuwa ya san sunan karen kowa da ranar da uwar kowa ta rasu. Na yi ta mamakin inda yake ajiye wannan duka, mutumin da kullum sai an nemo masa tabarau.

Gida ɗaya ne ba mu shiga ba, na ƙaninku Baffa Fergal, wanda shi ma kansila ne, ga ƙofarsa muna hange daga tagarmu. Sau biyu ina tuna wa Baba. Ya ce in bar shirme, wa ya taɓa roƙon ɗan'uwansa abin da yake nasa? Ya ce Fergal ko a mafarki ba zai ba wani ba. Da aka ƙirga, tazarar da aka kayar da shi ba ta wuce ta mutum guda ba. Ashe da gaske ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ranar Lahadi na kai wa Baffa ƙwai. Ina zaune a kicin sai na hango ambulan ɗin zaɓe, wanda kansiloli ke aika ƙuri'arsu a ciki ta gidan waya, a maƙale bayan agogon bango, ba a aika ba. Ni da ba na iya riƙe tambaya, na tambaya. Baffa ya ce tun ranar da takardar ta zo ya cika ta, sunan yayansa ne a farko kamar ko yaushe. Ya ce sau huɗu yana bayarwa ba a roƙa ba, bana dai ya so sanata ya tsallako titi ya zauna a kujerar can, kamar yadda ya zauna a gidajen baƙi. Wai har burodi mai zabibi ya saya. Ya jira, ya jira, har lokaci ya wuce. Wallahi Gwaggo, na rasa wanda zan fi tausaya wa a cikinsu.

Ke kika tashi tare da su. Haka suke tun suna yara? Wa ke fara saukowa? Ki gaya mini ko in faɗa wa Baba, don har yau lissafi yake yana neman wanda ya ci amanarsa a Kerry. Jiya ma ya ce mini a duk ƙasar nan mutum ɗaya ne bai taɓa shakkarsa ba, shi ne Fergal.

Ki gaishe mini da Kawu Declan, da Aoife da jaririyarta, da Ronan idan ya leƙo gida. Inna tana gaishe ki.

Taki har kullum,
Treasa Mulqueen