Muryar Abak a Layi na Biyu

Payakumbuh, 9 ga Maris, 2004

Zuwa ga yayata abar ƙauna, Uni Yusnimar,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Uda Marwan da yara, da hidimar aiki a can Batam. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Amak tana gaishe ki. Ƙafar dai na damunta, amma har yau ba ta yarda kowa ya juya mata tukunyar rendang, naman nan nata mai ruwan kwakwa.

Uni, nemi wuri ki zauna. Wata Baturiyar Holan mai suna Marijke, ma'aikaciya a wani ɗakin adana tsoffin faya-fayai, ta aiko wa makarantarmu imel tana cigiyar iyalan mawaƙi Sutan Mangkuto, wato Abak. Wai a 1974 wani malaminsu ya zaga ƙauyukanmu yana naɗar waƙoƙi, kuma akwai na mahaifinmu a ciki. Ke kin san muryar Abak. Ni ina goye ya rasu, hoton nan nasa mai hula kaɗai na sani.

Ta turo adireshin shafin da zan saurara, dogo kamar igiyar guga, da shuɗin rubutu. Na je shagon intanet na bakin kasuwa, na latsa. Aka ce ba a sami shafin ba. Na sake, na canza kwamfuta, na dawo washegari, shiru kake ji. A ƙarƙashin adireshin akwai wasu baƙaƙen haruffa marasa kan gado, ina jin gaisuwa ce da yarensu.

Matata Rosmaniar sai dariya take min: "Malamin lissafi guda, 'yan damfara sun same ka a ruwan sanyi!" Kuskurena shi ne na riga na gaya wa Amak. Kullum da safe sai ta ɗaura ɗankwalinta na unguwa ta zauna a baranda, ta ce, "Fahmi, yau za ka kai ni wurin ubanka?" Ban san me zan ƙara ce mata ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Zulfahmi

Payakumbuh, 20 ga Maris, 2004

Uni abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Uni, Allah da iko yake. Na ji shi.

Na koma shagon ne in ba Marijke haƙuri ta imel, in gaya mata abin bai buɗe ba. Da na danna amsa, saƙonta ya fito a ƙarƙashin nawa, sai na ga adireshin ya sake yankewa a wani wurin dabam, guntunsa ya faɗo layin ƙasa ya tsaya kusa da haruffan nan da na ɗauka gaisuwa ce. Na zuba musu ido. Ashe imel ba ya barin layi ya wuce wani tsayi. Da ya kai iyaka sai ya karya shi, ba ruwansa da ko zance ne ko adireshi. Kan ya zauna sama da shuɗinsa, wutsiyar ta faɗo ƙasa baƙa, ni kuwa ina ta latsa kai babu wutsiya. Na kwafo su, na haɗa baki da baki, na goge ratar tsakani. Shafi ya buɗe.

Ban saurara ba. Na tashi na ɗauko Amak a babur, Rosmaniar ta biyo mu da gari a hannu. Mai shagon ta roƙi samarin da ke wasa su yi shiru, ta ƙaro lasifika.

Da farko shuuu na tsohon kaset, sai zakara ya yi cara, sai sarewar gora. Daga nan murya ta tashi. Uni, me ya sa ba ki taɓa gaya min siririya ce ba? Duk rayuwata ina ƙiyasta ta da kauri. Tana hawa kamar hayaƙi, ta yi rawa a sama, ta sauko a hankali. Tsigar jikina ta tashi. Mutum ya shekara talatin a ƙasa, numfashinsa kuwa na ajiye a wata ƙasa mai ƙanƙara, ya ratso teku ta waya, haruffa kaɗan ne suka tsaya tsakaninmu da shi.

Amak ba ta yi kuka ba. Leɓɓanta ne ke bin waƙar, har tana riga shi isa ƙarshen baiti. Ta ce, "Kun ji? Mura yake yi ran nan. Na hana shi, bai ji ba."

Ana cikin haka wani jariri ya tsala kuka a cikin kaset ɗin. Sarewa ta tsaya. Muka ji Abak ya yi dariya ya ce, "Haba Fahmi, ɗan sarkin rigima, bari baƙo ya gama aikinsa mana. Miƙo min shi nan." Aka ji motsin zane, kukan ya lafa, ya ci gaba da waƙar ƙasa-ƙasa.

Amak ta dafa gwiwata ta ce, "A kafaɗarsa kake har ya gama."

Uni, ni na yi kukan, a gaban ɗalibaina biyu da ke shagon, ban kuma ji kunya ba. Ashe ya taɓa kiran sunana.

Ga adireshin nan na rubuta miki da hannu a bayan takardar. Layi ɗaya ne ko da kin ga ya lanƙwasa, kada ki bar rata. Akwai wata yarinya da ke tari kusa da ƙarshe, Amak ta rantse ke ce. Ki gaishe da Uda da yara.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Zulfahmi