Littafin da Gara Ba Ta Ci

Zuwa ga mahaifina, wanzamin Tsohon Birnin Gwari.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Yau wani ɗalibina ya tambaye ni littafin da ya fi taimakona a jarrabawar ƙwarewa kan tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro. Na buɗe baki zan ambaci wani Bature, sai kai ka faɗo mini a rai.

Ka tuna daminar da na zo gida karatu, Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba? Littafi ɗaya tak gare ni, shi ma na aro, kuma zama ɗaya aka yarda mini, in na faɗi shi ke nan. Don sakarci na ajiye shi a ƙasa na tafi biki garin Gayam. Kwana uku na dawo, gara ta cinye sashen maƙogwaro kaf.

A makon nan ne kuma na ce maka, a gaban abokanka, cire wa jarirai belu jahilci ne. Boko ya hau mini kai, Baba.

Ranar kasuwa ka dawo da kan akuya daga wurin mahauta, ka shimfiɗa ganye a gindin ɗorawa, ka zaro aska daga zabira. Ka tsaga shi a hankali, kana nuna mini inda jijiyar jini take da inda aska ba ta zuwa. Kawuna bakwai muka tsaga, har Inna ta rantse ta gaji da farfesu. Ka ce, "Abin da hannu ya sani, gara ba ta ci."

Ranar jarrabawa a Ikko aka zaunar da majiyyaci a gabana, Turawa uku suna kallo. Hannuna ya bi abin da ka nuna mini. Na ci.

Kafin motar katako ta ratso daji da ni da albishir, an kai ka makwanci.

Har gobe ina hana cire belu, na san da kana nan da mun sake musu. Amma ban taɓa ce maka na gode ba, ban kuma nemi gafarar kunyar da na ba ka ba. Ka yafe mini, Baba. Ɗalibin nan kuwa, wurin mahauta na tura shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗanka mai kewarka,
Isiyaku