Baba Yana So Ya Ɗauki Jikarsa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Maganar nan in na faɗe ta a gida, kafin in rufe baki ta kai kunnen Baba.

Da farko ki taya ni murna. Sati uku ke nan da na haifi 'ya mace, bayan shekara shida da aure, kuma ita ce jika ta fari a gidanmu. Murna ta biyu, mahaifina da muka fid da rai da shi bara, yau ga shi zaune a falo yana tsokanar kowa.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara talatin yana zaune a ɗan shagonsa da gilashi a ido ɗaya, yana ɗaura ƙusoshin da ni ko ganinsu ba na yi. Wata rana da hantsi jiri ya ɗebe shi a shagon. A asibiti likita ya ce jini ne ya daina kaiwa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke can wajen ƙeya, wanda aikinsa daidaita motsi. Ƙarfinsa yana nan, in ya damƙi hannunki sai kin yi ƙara. Saiti ne ya ɓace. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai hannun ya wuce kofin, ya dawo, ya sake wucewa ta ɗaya gefen, kuma yana matsowa kusa rawar tana ƙaruwa. Wani lokaci ma yatsun su rufe tun bai isa ba. Amma in hannun yana ajiye a cinya, lafiya lau, ko motsi ba ya yi.

Shi abin dariya ma ya mai da shi. Wai kofunan Mama ne suka koyi gudu. Da ya fasa na biyar ta koma ba shi na roba mai mariƙi biyu, ya ce ta mai da shi ɗan yaye. Yana zuwa asibiti sau biyu a sati ana koya masa motsa hannun. Ranar da ya sa maɓallin rigarsa da kansa sai da ya bugo mini waya, muka yi ta ihu kamar yara.

To ga damuwata. Tun da aka haifi yarinyar nan ya ce ya yi amarya, Mama ta tattara kayanta. Duk zuwan da za mu yi sai ya ware hannu a ba shi ita, ni kuma in ƙirƙiro dalili: tana barci, yanzu ta sha nono, bari in canza mata kaya. Jiya ya miƙa hannu zai shafa kumatunta, hannun ya zarce ya bugi kafaɗata. Maigidana ya zabura ya karɓe yarinyar. Baba ya yi dariya, ya ce amarya ta samu masu gadi, amma daga nan ya harɗe hannuwansa a ƙirji, har muka tafi bai sake kallon wajenmu ba.

Maigidana ya ce a bari sai ya warke sarai, alhali likita ya ce wataƙila rawar ba za ta tafi duka ba. Mama ta ce a ba shi kawai. Ni kuwa Anti, gaskiya tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron. Yaya zan yi?

Mai Jego

*

Mai Jego, barka da arziki, kuma barka da samun sauƙin Baba.

Ki daina jin kunyar tsoronki. Jaririya ce 'yar sati uku, kuma maigidanki bai yi laifi ba da ya zabura. Kuskurensa ɗaya, jiran ranar da ba wanda ya yi muku alkawarinta. Mama kuma ta fi ku sanin abin da ke cin mijinta, sai dai a ba shi kawai ba dabara ba ce.

Amsar tana cikin wasiƙarki. Kin ce hannun yana rikicewa ne in ya tafi neman abu, in yana ajiye kuma lafiya lau. To kada a sa shi ya miƙo hannu. Ya zauna a kujera mai jingina, a tallafe gwiwoyin hannunsa da filo, a sa wani filon a cinyarsa. Ke za ki kwantar masa da ita a kai, ki zauna dab da shi, hannunki yana ƙarƙashin kanta. In yana so ya taɓa kumatun, ki kama hannunsa ki kai shi a hankali. Ku zaɓi lokacin da ya huta, don gajiya tana ƙara rawar. Ɗauka a tsaye ko yawo da ita, wannan a bar shi tukuna.

Kafin nan, ki raka shi asibiti ki tambayi mai koya masa motsa hannun. Ita ta san iyakar hannun nan fiye da ni, za ta iya nuna muku zaman da ya dace. Ki tafi da maigidanki ya gani da idonsa.

Sannan ki bar ƙirƙiro dalilai. Baba ya gane tun ranar farko, kara kawai yake yi miki. Ki same shi ku biyu, ki ce kina tsoro, kuma kin zo ku nemo hanya tare. Mutumin da ya yi shekara talatin yana lallaɓa abu mai rauni ba zai ƙi a yi a hankali ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne a yanke hukunci a kansa ba a tambaye shi ba.

Kada ki bari satin nan ya wuce, yara ba sa jira, nan da 'yan watanni ita da kanta za ta riƙa fizge masa hula. Allah Ya raya ta, Ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki lafiyar shayarwa.