Bututun Jirgin Baba

Junín, watan Mayu

Zuwa ga Yayana Osvaldo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mirta da yara. Yaya ciwon bayan naka? Mu nan sai godiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Ka san ɗan kan jirgin ƙasan nan na roba da marigayiya Mama ta saya wa Baba ranar da ya ajiye tuƙi, wanda ya harhaɗa da hannunsa. Tun da mantuwa ta kama shi, abin da ya rage masa ke nan, kullum da safe sai ya duba shi kafin ya sha shayinsa na mate. To, bututun hayaƙinsa ya ɓalle ya ɓace. Na kwashe gidan nan kaf ban gan shi ba.

Ranar Talata ina shanya a baya, na shigo na tarar da ƙofa a buɗe. A tsakiyar layin dogo na same shi, ya sunkuya yana tona duwatsu, ga jirgin kaya yana ta ƙaho daga nesa. Da na fizgo shi sai ya ce, “Yarinya, sake ni, inji ba ya fita ba bututu.” Bai san ni ba, Yaya.

Ka gaida kowa. Taka ƙanwa,
Nélida

Junín, ƙarshen Mayu

Yaya Osvaldo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonka. Ka ce in sayi sabo. Daga can Rosario inda kake komai da sauƙi yake. An daina yin irinsa tun muna makaranta.

Na je wurin tsofaffin nan masu taruwa ranar Asabar suna wasa da ƙananan jirage, gemai-gemai da su. Babbansu, Don Anselmo, ya zazzage mini kwalin tarkace, ƙafafu da fitilu da karyayyun taragai, ya zaɓo bututun wani jirgin daban. Ya kankare shi, ya manna, ya shafa baƙin fenti. Ya ce, “'Yata, ko wanda ya ƙera shi sai ya sa tabarau.”

Baba kallo ɗaya ya yi masa, ya ɓalle shi da farce ya jefar a ƙasa. Wai wane ɗan koyo ne ya ɗora wa injinsa hular wani. Mutumin da bai san sunana ba. Da yamma na kama shi yana kokawa da sakata, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki.

Yanzu makulli a wuyana yake rataye. Ko wanka zan yi sai na bar ƙofar banɗaki a buɗe ina kasa kunne. Tsoro nake ji, ban iya ɓoye maka ba. Ban son a kira ni in je in gane gawarsa da hula.

Taka,
Nélida

Junín, watan Yuni

Yayana,

Ina fatan wasiƙar nan ta same ku lafiya. Ka gode wa Mirta da rigar sanyin da ta aiko.

Don Anselmo ya zo da kansa ya ba da haƙuri, da kwalin nasa a hammata. Ya ajiye a tebur muna magana, sai muka ji ƙarar tone-tone. Baba ne ya zuba hannu a ciki. Ka tuna yadda yake ba mu labari cewa a ma'aikatarsu ba sa jiran kaya daga waje, abin da ya karye da abin da ke ƙasa ake gyara shi? Ashe ba bututu yake so a ba shi ba, aikin yake so.

Bai ɗauki komai a kwalin ba a ƙarshe. Murfin kwalbar maganin idonsa ya yanke, ya yi ta goga shi da abin gyaran farcena. Ya ɗauke ni yaron da ke hura wa injinsa wuta, ya ce da ni, “Kai ɗan wuta, riƙe nan, kada ka yi numfashi.” Na riƙe. Mako guda yana wannan aikin, ko kallon ƙofa bai yi ba.

Jiya ya gama. Ya zauna ya naɗe hannu, can sai na ga idonsa ya koma kan sakata.

Yau da safe kafin ya fito na ɓalle fitilar gaban jirgin na sa a aljihu. Allah ya yafe mini. Na ajiye kwalin kusa da shi, na tsaya tsakaninsa da ƙofa, don ban san inda zai nufa ba. Ya daɗe yana kallon gurbin. Sannan ya jawo kwalin, ya ce in ɗora ruwan mate, yau akwai aiki.

Na ƙi yarda in ƙirga abin da ya rage a jikin jirgin da zan iya cirewa. Ka zo, Yaya, tun da sauran su.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nélida