Silin Jirgin da Maigidana Ya Bari

Anti Amamata, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ban iya faɗa wa 'yan'uwa ba, don na san za su ce ban da aikin yi. Maganar silin ce, silin ɗin jirgin ruwa.

Maigidana Abdulƙadir, Allah ya jiƙansa, likita ne a nan Landan, ya rasu bara da azumi. Mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, shi ya sa tun zuwanmu a 1981 idonsa na kan kogin Thames. Daga baya ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgi mai ɗaki ɗaya, yana ɗaure shi can gaba da Woolwich. Duk Asabar yana can da ɗanmu Hambali, su dawo gida Catford jiki duk fenti. Aikin ƙarshe da ya yi shi ne silin ɗakin. Kwalin silin irin na gida ya sayo, ya manna da gam a jikin rufin, ya bi da leda mai soso a ciki. Ya ji daɗin aikin nan ƙwarai, har hoto ya ɗauka ya aika wa mahaifiyarsa.

Watan jiya na daure muka je ni da Hambali. Anti, silin ya saki, ya yi ciki, ruwa na ɗiga ta gefe, ga baƙar funfuna ga wari. Fitila ɗaya ma ta daina kamawa. Katung, wani kafinta mutumin Kagoro abokin marigayi, ya duba ya ce sai an ɓamɓare duka an sake. Ƙanin maigidan, Lawal, ya ce in sayar kawai in huta. Sayarwa kam ba zan yi ba, wannan na gama yankewa, don Hambali ba ya sakin jiki ya yi magana sai a cikin jirgin nan, ko da da Turanci ne. Amma in na tuna hannun babansa ne ya shafa gam ɗin, sai in ji ba zan iya cewa a yage ba. Ba za a iya ƙara gam a mayar da shi yadda yake ba?

Maman Hambali, Catford

Maman Hambali, Allah ya gafarta wa Dakta, ya ƙara miki haƙuri. Ba ki yi laifi ba da kika ji nauyin taɓa aikinsa. Amma amsar tambayarki ita ce a'a, kuma na tambayi masu gyaran jirage kafin in faɗa.

Rufin jirgi yana gumi. Numfashi da tururin shayi suna haɗuwa da sanyin rufin su zama ruwa, kwali ya sha ya kumbura, soson ledar ya ruɓe ya zama gari. Gam ba ya kama gari. In kika ƙara, kafin ƙarshen hunturu zai sake saki, ga wayoyin wuta kwance cikin laima a saman kan ɗanki.

Katung na da gaskiya. A kankare rufin tas, a bar shi ya bushe, a fara tabbatar da cewa ba ya yoyo ta taga ko ta ƙofar sama. Sai a manna siraran katako a jikinsa da gam mai ƙarfi na jirgi, ban da huda rufin. Tsakaninsu a sa abin tare sanyi wanda ba ya shan ruwa. Silin kuwa a sayi falankin da ake ce wa marine ply, siriri, a yanka shi falle-falle yadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa, a shafe gaba da baya da bakunansa da fanish, man katakon nan mai hana ruwa shiga. A ɗaure shi jikin katakon da sukuru na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, gajeru, kada su kai rufin. Ban da ƙusa. Da sukuru, duk ranar da waya ta lalace sai a kwance falle ɗaya a gyara a mayar. A bar 'yar kafa a gefe iska ta riƙa wucewa.

Lawal kuma kada ki riƙe shi a zuciya. Wahala yake guje miki. Ki faɗa masa dalilinki sau ɗaya, cikin mutunci, ki gayyace shi ya zo ya sa hannu.

Dakta ya yi silin ne don iyalinsa su zauna ƙarƙashinsa lafiya. Da yana raye ya ga funfunar nan, shi zai fara ɗauko wuƙa. Ranar da za a ɓamɓare, ki je da kanki, kada ki aika. In kuka ya zo ki yi abinki. Sannan ki ce wa Katung ya tsaya yana nunawa kawai, Hambali ne zai ɗaura kowane sukuru.

Allah ya raya miki shi, ya sa ku gama lafiya kafin sanyi ya shigo.

Anti Amamata